"Wane furotin kuma? Na wake ko na ƙwai?"

Ranar Talatar da ta wuce wani bawan Allah a ofishin kuɗi na jami'armu ya yi mini tambayar da har yanzu in na tuna sai in ji wuyana ya yi zafi. Shekara huɗu ke nan ina koyar da bayokemistiri a nan Gombe, na sha wulaƙanci kala-kala na haɗiye, amma na wannan rana ya tsaya mini a maƙogwaro.

Kwana uku ba wuta. Wannan ba sai na yi wa kowa bayani ba. Injin sashenmu yana nan lafiya lau, mai ne babu. A ɗakin gwaje-gwajenmu kuwa akwai firiza guda ɗaya tak mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a cikinta kuma akwai wahalata ta wata goma sha huɗu: furotin da na tace daga dafin kububuwa, macijin da mutanenmu ke ce wa gobe da nisa. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji na Kaltungo da damina ko lokacin girbi ya san ba aikin shirme nake yi ba. Manomi ne zai zo jini na tsattsafowa daga dasashinsa, ya ƙi daskarewa. Mai yin wannan ɓarna wani rukunin furotin ne a cikin dafin, mai riƙe da ƙwayar zinki a tsakiyarsa, yana yanka bangon jijiyoyin jini kamar almakashi. Burina in ga siffarsa ƙwaya-ƙwaya, domin sai ka san fasalin kwaɗo kafin ka ƙera makulli. Masifar ita ce wannan furotin in ya ji ɗumi kansa yake fara ci. Ba ya jiran sa hannun kowa.

Ni ba bara na je yi ba. Ɗan tallafin bincike ne na samo da gumina daga waje, kuɗin suna asusun jami'a. Takardar neman lita ɗari ta dizal na rubuta tun mako uku da suka shige, shugaban sashe ya sa hannu, shugaban tsangaya ya sa hannu. Saura tebur ɗaya.

Na yi sallama. Ya amsa ba tare da ya ɗago daga wayarsa ba. Abin da ya fara dukan fuskata sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne, domin su injin ɓangarensu ba ya rabuwa da mai. Ga ƙullin gyaɗa a gabansa, yana murzawa yana hurewa, ɓawon na sauka a kan fayil ɗin mutane.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kan maganar takardata ce ta man inji."

Ya ce, "Wane ne kai?"

Sau biyar ke nan ina shiga ofishin nan. Na faɗi sunana da sashena. Ya ce, "Au, ɗan yaron nan mai firij." Ina da mata da 'ya'ya biyu da digiri na uku, amma to, ɗan yaro mai firij. Na haɗiye. Na ce, "Yallaɓai, in aka kai gobe ba a tada inji ba, furotin ɗina zai lalace."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan takalmina da ya sha ƙurar acaɓa, ya ce, "Wane furotin kuma? Na wake ko na ƙwai?" Ya waiwayi abokin aikinsa, suka kwashe da dariya har da buga tebur.

Wallahi na yi ƙoƙari. Na fara bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu. "Dakta, ka ga, mu nan ba turanci muke ci ba. In sanyi kake so, ga masu ƙanƙara nan a bakin get. Ka sayi ta dubu biyu ka zuba a kula, magana ta ƙare."

Ƙanƙarar zoɓo. Madalla da wannan fasaha. Turawa suna ta ɓarnar miliyoyi kan firiza, ashe maganin yana bakin get ɗinmu ba su sani ba. Na ce masa ƙanƙara sifili take, ni tamanin ƙasa da sifili nake nema. Ya ce, "To ka ƙara ƙanƙarar mana." Na tambayi inda fayil ɗina yake. Ya ce oga ya yi tafiya. Yaushe zai dawo? "Ni ne matarsa?" Sannan ya ja wani tsaki mai tsawo, ya ce, "Ku malaman nan kun cika ɗaukar kanku da zafi. Duk binciken da kuke yi tun da aka kafa jami'a, ko allura kun taɓa ƙerawa?" Ya koma kan gyaɗarsa.

Na fito rana na dukana ina ta saƙa amsoshin da ya kamata in ba shi. Sai dai kafin in isa sashe na gane ina shirin barin jaki in daki taiki. Mutumin nan bai ƙirƙiri rainin ba, gadonsa ya yi daga sama. Ya ga yadda gwamnati ke kallonmu ne ya kwaikwaya. An rattaba hannu kan yarjejeniya da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2009, aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa. A 2020 jami'o'i sun yi wata tara a rufe, a 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka kuma riƙe albashin malaman jami'o'in tarayya don a koya musu hankali. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460, a farkon 2024 ta haye 1,500. Duk wani sinadari da nake aiki da shi da dala ake sayensa. Tallafin da na lissafa zai kai ni shekara biyu, ko wata takwas bai yi ba. A Oktoban 2024 kusan duk Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Ku tambayi masu firiza a ɗakunan gwaje-gwaje abin da suka kwashe suka zubar.

Allura yake tambaya. To ga allura: maganin dafin da ake yi wa mutanen Kaltungo, EchiTAb, da macizanmu aka yi shi. An kwashe su zuwa Libaful aka tatsi dafin, aka haɗa maganin a Birtaniya da Kosta Rika, mu kuma muna saye da kuɗin waje, wani lokaci ya yanke ana ji ana gani. Ga sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita. Tun shekarun 1950 aka gano cewa amino asid ɗaya ne tak, cikin tubalan da ake gina furotin da su, ya sauya a gurbi na shida na sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Ciwon namu, gawar tamu, ilimin na wasu. Rumbun siffofin furotin na duniya ya fara da guda bakwai a 1971, yau ya haura 200,000. Nahiyar Afirka kaf ba ta da sinkirotiron ko ɗaya, wato na'urar nan mai fitar da hasken eksire mai ƙarfi da ake haska furotin da shi. Jodan da ba ta kai mu arziki ba akwai ɗaya a ƙasarta tun 2017. Mu sai roƙon abokin karatu a Ingila ko Faransa ya saka mana samfur cikin nasa, in ya isa da rai ke nan.

Duk da haka in lokacin ƙarin girma ya zo, ba mai tambayar ka ko akwai wuta. Takardu nawa ka wallafa? Mujallar kirki kuɗin wallafarta ya fi albashina na wata shida. Shi ya sa kowa ya koma kan kwamfuta: a ɗauko furotin ɗin da wani ya sha wahala ya warware a Amurka, a jefa masa sinadarin ganyen zogale ko darbejiya, a buga a mujallar da ko karantawa ba ta yi, a ƙirga maki. Ban ga laifin kowa ba, ni ma na yi biyu. Wani babba ma cewa ya yi tunda AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, ta zo, har masu ita sun ci kyautar Nobel a 2024, me zan yi da firiza? Kamar hasashen kwamfuta zai gaya maka ko magani ya hana jinin manomi zuba.

Ajin kuwa, ɗalibai sama da ɗari uku a ɗakin da aka gina don tamanin. Da wayar lantarki da marfin kwalba nake naɗa musu siffar furotin, na baya ba sa ko hangowa. Akwai yara masu kai a cikinsu, wallahi akwai. Wata ta tambaye ni ko za ta iya zama irina. Na rasa abin da zan ce mata, don abokan karatuna uku da suka fi ni haƙuri duk sun tattara sun bar ƙasar. Al'umma ma ba ta raga mana ba: a wurin ɗaurin aure kansila ake ba kujera, malamin jami'a ya nemi inuwa.

Daren Talatar na cire kuɗin cefanen gida na sayi lita ashirin. Ta riƙe mu zuwa asuba. Ranar Laraba, Allah ya gani, na je bakin get na sayi ƙanƙarar, na dubu biyu cif, na zuba a kular matata. Ranar Alhamis na gwada samfurin: inda layi ɗaya tsaf yake fitowa in furotin na lafiya, sai wani dogon shafe kamar an ja tawada da yatsa. Wata goma sha huɗu.

Da na fito sai ga sanarwa a allon sashe, kowane malami ya miƙa jerin binciken da ya wallafa a bana kafin Juma'a. Fayil ɗina yana nan a kan teburin, ƙarƙashin ɓawon gyaɗa, oga bai dawo ba.