Ke Mai Kwarashi A Hannu, Akwai Kan Da Ke Jiran Hularki

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu saƙa.

Da an ce wance ta haihu, kafin ranar suna kin gama shawul da hula da safa da 'yar riga, har da ɗan fure a gefe. Madalla, Allah ya ƙara basira. To ga maƙwabciyarki can, wata na uku ke nan tana zaryar asibiti ana ɗura mata kemo, maganin ciwon daji. Sumarta ta zube tas, ko tsakar gida ba ta fitowa sai da hijabi, don ɗankwali ba ya zama a kan da ba gashi, da ta sunkuya sai ya sulluɓe. Me kika saƙa mata? Kin shiga sau ɗaya, kin ce "sannu, Allah ya sa kaffara ne", kin fito kina matse hawaye, kin tsaya a soro kina ba wata labarin yadda ta rame. Shi ke nan an sauke nauyi? Ki ji tsoron Allah, 'yar uwa. Kin san hadisin da Ubangiji zai ce wa bawa ran gobe "na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba". Ba sai an fassara miki ba.

Mun iya tausayin baki, mun iya jajantawa, amma baiwar da Allah ya zuba a yatsunmu mun ware ta ga biki da suna da ciniki kawai. Mai ciwon daji kuwa muna kallonta daga nesa kamar ciwon yana tsallakowa. Ba ya tsallakowa. Ba a ɗaukar sankara ta taɓawa ko ta cin abinci kwano ɗaya. Ita ce ma ya kamata ta ji tsoronki, domin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ɗurin kemo garkuwar jikinta tana yin ƙasa ƙwarai, murar da ke za ki yi ta kwana uku ita tana iya kwantar da ita a gadon asibiti. Don haka in kina tari ko mura, ki aika da saƙon, kada ki shiga.

A fara da hula, ita ce aka fi bukata.

Yawancin magungunan da ake bayarwa a sankarar mama suna zubar da suma mako biyu zuwa uku bayan ɗurin farko, kuma kafin ta zube fatar kan tana tsami, ko filo aka taɓa sai a ji zafi. To ki gama hular tun kafin lokacin, kada ki jira sai ta ga gashinta a kan matashi sannan ki fara neman zare. Kuma ki sani, fatar kan da ba ta taɓa shan iska ba tun haihuwa tana saurin jin ƙaiƙayi. A nan ne masu kyakkyawar niyya da yawa suke ɓata aikinsu. Sai a ɗauko ragowar zaren ulu mai kaushi da ya rage daga suwaitar yara, a saƙa, a kai. Ita kuma ta karɓa da godiya saboda kunya, ta sa minti goma, kan ya yi ja, ta cire ta tura ƙarƙashin katifa. Allah ya hana mu a Baƙara, aya ta 267, mu nufi marar kyau mu ce shi za mu bayar. Wannan ma yana ciki.

Ki nemi zaren auduga mai laushi, ko auduga da aka gauraya da zaren gora. Yawancin zaren da ke kasuwanninmu na roba ne, ko da mai shago ya rantse auduga ce. Gwaji ba wuya: ki yanki ɗan taƙi ki kai wa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙullutu mai tauri. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi. Gwaji na biyu, ki goga ƙunshin zaren a wuyanki ko cikin hannunki na ɗan lokaci. In kin ji ko ɗan susa, ki ajiye shi. Zaren roba mai laushi irin na jarirai zai iya yi a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, amma a zafin Maris da Afrilu azaba ne, gumi kawai zai tara. Zare mai gashi-gashi da mai ƙyalƙyali kuwa ki bar su gaba ɗaya.

Awo. Kan babbar mace yakan kai santimita 54 zuwa 57 a kewaye, na namiji 56 zuwa 60, in suma ta tafi kuma yana ɗan raguwa. Hular ta gaza kan da santimita 3 zuwa 5 don ta kama, amma ki tuna auduga ba ta miƙewa kamar roba, kada ki matse ta da yawa. Abin da aka fi kuskurewa shi ne zurfi. Hular mai suma tana iya tsayawa a saman kunne, ta marar suma dole ta sauko ta rufe kunne da ƙeya, inda ake gane babu gashi. Santimita 20 zuwa 22 daga tsakiyar kai zuwa baki.

In da tsinke kike saƙa, ki samu mai igiya da ake zagayawa da shi, mai kaurin milimita 4, da zare matsakaici gram 100. Ki fara saƙa ɗan gwaji: in ido 22 ya ba ki santimita 10, to ki ɗora ido 112, za ki samu kusan santimita 51. Baki ki yi biyu gaba biyu baya na santimita 4, sannan saƙa miƙe har tsawon ya kai 14. Daga nan ki raba ido gida takwas, 14 kowane gida, ki riƙa haɗe ido biyu a ƙarshen kowane gida, layi ɗaya ki rage layi ɗaya ki wuce. In an yi rabi, ki rage a kowane layi har ya saura 8, ki zura zare ki tsuke. Amfanin zagayawa shi ne babu ɗinkin haɗi. In tsinke biyu kawai gare ki dole sai kin haɗa, to ɗinkin ya kasance ta waje. Ƙulli ko ɗaya kada ya kwana a ciki. Wanda yake da suma ba zai taɓa sanin yadda ƙulli ɗaya yake cin fata cikin dare ba.

Mai kwarashi kuma ki fara daga tsakiya da ido 12 a zobe, ki ƙara 12 a kowane zagaye: 24, 36, 48, haka, har faifan ya kai faɗin santimita 16. Sai ki daina ƙari ki sauko miƙe. In faifan ya fara lanƙwashewa kamar ƙwarya tun da wuri, hannunki ya yi tsauri. In ya yi tattara a gefe, ƙarin ya yi yawa. Kuma don Allah a bar saƙa mai ramuka. Tana da kyau a ido, amma fatar kai tana leƙowa ta ciki, abin da take ɓoyewa ke nan.

Kada ki kai guda ɗaya. Mai sallah tana cire hula tana mayarwa sau biyar a yini wajen shafar kai, ga gumi, ga wanki. Uku ne daidai: siririya ta sa wa ƙarƙashin ɗankwali don ya samu abin kamawa, marar ado ko kaɗan ta barci, da mai ɗan kauri ta asuba. Launi ki tambaye ta. Ba kowa ke son ruwan hoda ba, kuma wadda jininta ya yi ƙasa, rawaya da fari fat suna ƙara fito da ramarta. Maza ma suna nan, kada a manta. Zanna da kube suna da tauri a ciki, dattijo zai ji daɗin siririyar hula baƙa ko ruwan toka da zai sa a ƙasa ya ɗora tasa ya tafi masallaci. Yara kuma, 'yan shekara 3 zuwa 10, kansu santimita 48 zuwa 52 ne. Su kam a sa musu launi yadda ya kamata, amma ban da maɓalli da duwatsun da za su ɓalle su kai baki.

Sai abin da kunya ta hana mu faɗa, alhali ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sankarar mama ita ce kan gaba a cikin matan Nijeriya, kuma da yawa sai an cire nonon gaba ɗaya. Kin taɓa tunanin yadda take fita unguwa bayan haka? Tsumma take cusawa a rigar mama, ko safa, ko soso. Ta yi ruku'u ya goce, ta ɗago tana gyarawa a ɓoye cikin sahu. Nonon roba na silikon da ake sayarwa yana da tsada, yana da nauyi, yana da zafi a irin yanayinmu, kuma ba a sa shi sai tabon ya warke, wajen mako shida zuwa takwas. A Amurka akwai ƙungiya mai suna Knitted Knockers da wata mata, Barbara Demorest, ta kafa bayan an yi mata irin wannan aikin, ba abin da suke yi sai saƙa nonon auduga suna rabawa kyauta, tsarin saƙar ma kyauta suke bayarwa a intanet. Mu da muke da sadaka mai gudana a bakinmu kullum, me ya hana mu?

Ba shi da wuya. Zaren auduga zalla, siriri, mai laushi, ƙasa da gram 50 ya isa guda. Ki fara da ido kaɗan a tsakiya, ki raba gida uku, ki riƙa ƙara ido a kowane gida har ya tashi kamar murfin kwano mai kusurwa uku. Faɗinsa ya danganta da girman rigarta: kusan santimita 12 da rabi ga ƙarami, 14 ga mai bi masa, 15, sannan 16 da rabi ga babba. Sai ki juya ki saƙa bayan, a shimfiɗe, kina ragewa da sauri. Bayan nan shi ke kwanciya a kan tabo, saboda haka can ne ya fi bukatar santsi. Kada ki rufe ramin ƙarshe, ki bar zare mai tsukewa don ta ƙara ko ta rage cikon da kanta har ya yi daidai da ɗayan. Ciko kuwa audugar roba irin ta cikin filo, wadda ake wankewa ta bushe ta koma yadda take. Audugar rimi da ta asibiti suna dunƙulewa in sun jiƙe. Kada ki cika shi tam kamar ƙwallo, in ya yi tauri sai ya tsaya sama ya bambanta da na Allah. Matsalarsa ɗaya, rashin nauyi yana sa ya riƙa hawa sama, maganin kuma a ɗinka ɗan aljihu cikin rigar mama a zura shi. Launi ya zama mai kama da fata ko marar haske, don kada ya nuna ta atamfa. Ta tambayi likitanta lokacin da ya dace ta fara sa wa, musamman in ana yi mata gashin na'ura, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, don a lokacin fatar wurin tana yin ja kamar ƙuna.

Wannan kyauta ba a bayar da ita a gaban mutane. Ba a gaban kishiya ba, ba a gaban dangin miji ba. Ku biyu a ɗaki, a cikin jaka.

Sauran a taƙaice. Mayafin cinya mai santimita 90 da 120, saboda ɗurin kemo yana ɗaukar sa'o'i a zaune, sau da yawa a ɗaki mai sanyi. Ban da geza, tana kama robar ƙarin ruwa. Safar ƙafa tana da amfani ga waɗanda magani ya sa wa jin sanyi da dindiris a yatsu, amma saƙaƙƙiyar safa tana santsi a kan tayil, a gaya mata ta kwanciya ce. Hannun ɓangaren da aka yi aiki kuma kada ki saƙa masa komai mai matsewa, yana iya kumbura.

In kin gama, ki wanke da sabulu marar ƙamshi, ki ɗauraye sosai, ki shanya a shimfiɗe ya bushe ƙarau, ki sa a sabuwar leda. Na san al'adarmu ce ba a ba da kaya sai an turara. A nan ki haƙura. Turaren wuta, humra, hayaƙin murhu, duk suna tayar wa mai kemo da zuciya, har ta tsani hular saboda warin. Ki haɗa da 'yar takarda: irin zaren, da yadda ake wankewa.

In ba ki san kowa ba, asibitocin suna nan. Sashen masu ciwon daji na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Malam Aminu Kano, na Gombe, Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai da ta fara gashin na'ura a 2021. Wasu marasa lafiyar daga ƙauye suka zo, an sayar da gona da dabbobi an sayi magani, ba wanda zai yi zancen kuɗin hula. Ki nemi babbar nas mai kula da ɗakin, ki tambaye ta me ake bukata da yadda suke karɓa, ki damƙa mata. Kada ki bi gado-gado kina ɗora wa mutane hula, kuma wallahi kada ki ɗaga waya. Matar da take ɓoye kanta ga 'ya'yan cikinta, ke ce za ki watsa ta a Facebook don a ce miki Allah ya saka? Kin san abin da gori da cutarwa suke yi wa sadaka.

Malaman Islamiyya, ɗalibanku nawa ne suka iya kwarashi? Iyaye maza da ke karanta wannan, ku ba ku saƙa, amma kuɗin ƙunshin zare uku ba zai gagare ku ba, ku saya ku kawo gida. Ke kuma 'yar uwa, yamma uku ko huɗu ne aikin hula ɗaya, lokacin da waya take cinyewa ba ki sani ba. Hunturu ba ya jira, kuma akwai wadda aka yi wa ɗurin farko a makon nan, saura mata kwana goma sha sumarta ta fara zubewa. Ki tashi ki duba jakar zarenki yau. Don Allah, yau.