Rasuwar Kyaftin: Nasiha Ga Masu Lafiya Da Ƙarfin Jiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran wani bawanSa matuƙin jirgin sama, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai mutane ƙasashe yana dawo da su. Ba zan kama suna ba, wannan haƙƙin iyalinsa ne. Waɗanda suka zauna da shi sun haɗu a kan shaida biyu. A wurin aiki ba ya wasa ko kaɗan. Ranar da ba ya aiki kuwa ba ka samunsa a kwance: ko ya tafi hawan dutse, ko yana kan keke tun da asuba, ko ninƙaya, ko ya ɗauki tanti da ƙugiyar kamun kifi ya nufi bakin ruwa.

Tun da labarin ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a bakin mutane: "Mutum mai lafiya haka?" Wannan tambayar ce ta sa ni rubutu, domin tana tona wani zato da muke ɓoyewa a zuci, wai mutuwa layi take bi, ta fara da tsoho da majinyaci sannan ta iso kanmu.

Kaɗan ne cikin ma'aikata ake bincikar lafiyarsu kamar matuƙin jirgin fasinja. Duk shekara sai likita ya duba zuciyarsa, idonsa, kunnensa da hawan jininsa kafin a sabunta masa takarda. Idan ya kai shekara 60, binciken ya koma duk wata shida. Idan ya cika 65, ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana shi tuƙa fasinja zuwa ƙasashen waje, ko da kuwa yana jin kansa garau. Likita yana iya sa hannu cewa zuciyar nan lafiya take bugawa yau, amma babu likitan da ya taɓa sa hannu cewa za ta kai gobe. Allah Ya riga Ya rufe wannan ƙofar a ƙarshen Suratu Luƙman: rai bai san abin da zai aikata gobe ba, kuma rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Mutumin da sana'arsa ita ce sanin ƙarfe nawa zai sauka a wane gari, shi ma wannan ayar ta hau kansa.

Ku dubi yadda matuƙi yake yi kafin ya tashi. Fasinja suna ta neman kujera, shi ko mataimakinsa yana ƙasa sanye da riga mai ƙyalli, yana zagaya jirgin da ƙafa. Ya leƙa taya ya ga ko ta ci, ya haska tocila cikin inji ya duba fukafukan ciki, ya duba ƙasa ko mai yana ɗiga, ya tabbatar an cire murfin 'yan bututun da ke auna gudun iska. Ko ruwa ake tafkawa sai an yi. Sannan su zauna su biyu, ɗaya yana karanta jerin abubuwan dubawa, ɗaya yana amsawa yana taɓa kowane maɓalli. Kyaftin mai furfura yana yin haka kamar yau ya fara aiki. Wannan al'adar da jini aka saye ta. A watan Oktoba na 1935, a filin Wright da ke jihar Ohayo ta Amurka, wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe filafilan sarrafa jirgin ba. Matuƙin gogagge ne, kuma ya rasa ransa. Bayan haka aka gane cewa ƙwarewa ba ta hana mantuwa, sai aka koma rubutawa ana karantawa.

Haka ma man jirgi. Ba a zuba iya wanda zai kai shi inda za shi. Ana ƙara na zuwa wani filin daban idan na farko ya ƙi saukuwa, a ƙara wani na ko-ta-kwana, sannan a ajiye na minti 30 wanda ba a son a taɓa shi sam. Babu matuƙin kirki da zai bar ƙasa bai shirya saukarsa ba. Ba kuma wanda ya taɓa ce masa ba shi da tawakkali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah.

To mu fa? Kowannenmu ya riga ya tashi tun ranar da aka haife shi, kuma saukar dole ce. Wa ya rubuta wasiyyarsa? Wa ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi? Akwai mai ramuwar azumi ta shekaru yana cewa sai an samu sarari. Akwai wanda ya yi gaba da ɗan'uwansa na jini a kan gado, kowa yana jiran ɗayan ya fara sallama. A hadisin Abdullahi ɗan Umar an ce bai dace Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Muna jin hadisin, mu gyaɗa kai, mu wuce.

Abin mamaki, addu'ar hawa da muke karantawa kullum ta ƙunshi wannan tunatarwar. Muna cewa tsarki ya tabbata ga Wanda Ya hore mana wannan, da ba mu kasance masu iya rinjayarsa ba. Da yawa a nan suke tsayawa, alhali ayar da ke biye a Suratuz Zukhruf ta ce: kuma lallai mu masu komawa ne zuwa ga Ubangijinmu. An haɗa hawa abin hawa da tuna mutuwa a numfashi guda.

Sai batun wasanninsa. Na ji masu cewa da ya rage yawon duwatsu ya ƙara zaman masallaci. A nan ban yarda da su ba, kuma a yi hattara da yanke wa mamaci hukunci. Annabi ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan shekaru ya tsere mata. Ya shirya sukuwar dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Ya kwaɗaitar da koyon harbi. Ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake kowanne yana da alheri. Jiki amana ne, kuma wanda rayukan ɗaruruwan mutane suke hannunsa, kula da lafiyarsa wani ɓangare ne na riƙon amanar.

Wani lokaci ma abin da mutum ya ɗauka nishaɗi, shi Allah Yake sanyawa sanadin tsira. A ranar 23 ga Yuli 1983, jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montiriyal zuwa Edmonton, mai ya ƙare masa a sama saboda kuskuren lissafi tsakanin fam da kilo. Injina biyu suka mutu. Kyaftin ɗin, Robert Pearson, ya ƙware a tuƙa ƙananan jirage marasa inji, irin waɗanda iska kaɗai ke ɗauka. Da wannan ilimin ya lallaɓa ƙaton jirgi har tsohon filin sojan sama na Gimli, wanda aka riga aka mayar da wani sashensa wurin tseren motoci. Mutum 69 ne a ciki, ba wanda ya mutu.

Saboda haka wasan ba shi ne abin tsoro ba, abin da ya shiga cikinsa ne. Jabir ɗan Abdullahi ya ce sun kasance idan suka hau tudu sai su yi kabbara, idan suka gangara sai su yi tasbihi. Mutum biyu za su hau dutse ɗaya, gumi ɗaya, haki ɗaya. Na farko ya kai ƙololuwa, ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce Allahu Akbar, ya duba rana ya ga azahar ta yi, ruwan gorarsa bai wuce na sha ba, ya buga tafinsa a ƙasa ya yi taimama, ya shimfiɗa rigar sanyinsa ya fuskanci alƙibla. Na biyu ya zaro waya yana neman inda hoto zai fi kyau, la'asar ta wuce yana ƙirga masu yabawa. Wanda gudun safe ya tashe shi amma kiran asuba bai tashe shi ba, ya binciki kansa. Wanda kuma ya mayar da ganganci jarumta, yana shiga ruwan da bai san zurfinsa ba ko ya hau dutse ba igiya, ya tuna Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma akwai mata da 'ya'ya a gida suna jiransa.

'Yan'uwa masu jini a jika, ku ribaci biyar kafin biyar kamar yadda ya zo daga Ibn Abbas: ƙuruciya kafin tsufa, lafiya kafin ciwo, wadata kafin talauci, sarari kafin shagala, rayuwa kafin mutuwa. Ƙafar da take iya hawan dutse tana iya zuwa sahun farko, tana iya zuwa gaida mara lafiya, tana iya raka gawa.

Ga iyalai da abokan aikin mamacin: hotunansa a cikin kakin aiki da na kan duwatsu za su yi yawo kwana biyu su lafa. Ku fara da bashinsa, ku tambaya a fili ko akwai mai binsa, ku biya kafin a raba gado. Idan ya bar wasiyya a zartar. Matasan matuƙan da ya koyar, duk ranar da kuka yi aiki da abin da ya koya muku kuka sauke mutane lafiya, ku sa shi a addu'a, muna fatan hakan ya shiga cikin ilimi mai amfani da ladansa ba ya yankewa. 'Ya'yansa kuma, ku ne na ukun da hadisin ayyuka uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa ya ambata, wato ɗa na gari mai yi wa mahaifinsa addu'a, kada ku bar addu'ar ta tsaya a kwanakin zaman makoki.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.