Bargon da ɗaliba ta lulluɓa wa Umma

Umma ta zo mini zaman jego a Miniyapolis ta Amurka cikin watan Janairu, lokacin da sanyin garin nan kan sa gashin hanci ya daskare. Wata safiya ta leƙa ƙofar gida, santsin ƙanƙara ya kwashe ta, ta faɗi a kan kwatangwalo. A asibiti aka ce sai an yi hoton ƙashi.

Wadda ta zo ta tura gadonta yarinya ce ƙarama, katin da ke rataye a ƙirjinta ya nuna ɗaliba ce mai koyon ɗaukar hoton asibiti, malamarta na tsaye a gefe. Ba ta taɓa Umma ba sai da ta kira tafinta ta waya. Ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da ta Umma, ta faɗi sunanta, ta tambayi nata da ranar haihuwarta, ta gwada da abin da aka ɗaura mata a wuyan hannu. Ta ce za ta ɗora hannu a ƙugunta don ta daidaita ta a ƙarƙashin na'ura, ta yarda? Hijabi kuwa ta ce a bar shi, tunda ba kai za a ɗauka ba. Da ta ga Umma na rawar ɗari, sai ta buɗe wani akwati mai kamar firji, ashe ɗumi ne a cikinsa, ta ciro bargo mai zafi ta lulluɓe ta har ƙafa. Umma ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Tafinta ya fassara, yarinyar ta dafa ƙirji.

Na zaci kyawun hali ne kawai, sai malamar ta ce mini darasi ne da ake ba da maki a kansa. A nan shekara biyu suke yi a kwaleji, suna raba mako tsakanin aji da asibiti. Kafin ɗalibi ya zauna jarrabawar ARRT, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti ta Amurka, wadda ofishinta ke nan maƙwabtanmu a Sent Pol, dole a shaida ya iya auna hawan jini da bugun zuciya, ya iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, ya iya sauya wa majinyaci gado ba tare da ya fama masa ciwo ba. A jarrabawar ma kula da majinyaci sashe ne mai zaman kansa, kamar yadda kare mutum daga yawan hasken na'ura yake sashe. Bayan an ci, kowace shekara biyu sai an ƙaro karatu.

Wallahi a wurin, Baba na tuna, Allah ya jiƙansa. Da aka kai shi hoton ƙirji a gida, ƙanina ya ce mini daga bakin ƙofa aka daka masa tsawa, "Dattijo, cire riga!" ƙofa a buɗe, layi na kallo. Mutumin da ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganin kafaɗarsa ba.

Kada wani ya ce ƙarancin ilimi ne. Namu masu ɗaukar hoton a Najeriya shekara biyar suke yi a jami'a, a Bayero ko Ɗanfodiyo ko Maiduguri, su ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, ga hukumar rajistarsu tun 1987. Na kuma san mutumin da ke fama da na'ura ɗaya da ɗaukewar wuta da layi har waje ba zai samu natsuwar yarinyar nan ba. Takardar kuɗin da ta biyo bayan bargon ma sai da ta hana ni barci. Amma duk da haka, rufe ƙofa ba ya buƙatar janareto. "Sannu Baba, za mu ɗan cire rigar nan" ba ta cin ko sisi. Mu da muka tashi muna durƙusa wa manya, yaya aka yi muka bari sai a kwalejin wasu ake koyar da durƙuso a gaban tsoho?

Sai dai da muka fito, barandar asibitin wayam take. Wani tsoho na zaune a keken marasa lafiya shi kaɗai, ba ɗa ba jika. Umma ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Wannan bawan Allah ba shi da kowa ne?" Ranar Baba, ƙanina ne ya tuɓe tasa rigar ya kare shi da ita, 'yan uwa shida na jira a waje da kwanon fura. Ni kaɗai ce ba na wurin. Ta waya na ji labari, ina wurin aiki.

Ƙashin bai karye ba, alhamdu lillahi, tsagewa ya ɗan yi. Umma za ta koma gida a watan Maris, kuma likita ya ce a sake hoto idan ta isa. Tun yanzu na fara kiran ƙanina ina roƙonsa ya shiga ɗakin da ita, ya tabbata an rufe ƙofa, ya kuma tafi mata da mayafi mai kauri.