Wa zai ɗaga waya idan ciyaman yana sama?

Duk lokacin da gwamnatin Ghana ta taso da maganar sake kafa kamfanin jirgin sama na ƙasa, hirar ba ta wuce irin jirgin da za a saya, da wanda za a yi haɗin gwiwa da shi, da inda kuɗin za su fito. Ba a cika tambayar wa zai tsaya wa mutanen da za su tuƙa jiragen ba. A majalisun shayi na Nima da Maamobi a Accra, inda ƙarar jirgi kan katse wa mutum zance, in ka ambaci ƙungiyar ƙwadago ta matuƙa jirgin sama sai a kwashe da dariya. “Su ma har suna da kuka? Mutanen da ke kwana a manyan otal?”

Suna da shi, kuma kukan nasu ya shafi duk wanda ya taɓa ɗaure bel a kujerar jirgi zuwa Kumasi ko Tamale ko Jidda, domin gajiyar matuƙi ba a kansa kaɗai take ƙarewa ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake gina irin wannan ƙungiya a ƙasa mai matuƙa kaɗan kamar Ghana. Ra'ayina shi ne, ƙungiyar matuƙa da ba ta da ko ma'aikaci ɗaya da take biya albashi, wanda ƙafarsa ke ƙasa kullum, ba za ta yi nisa ba, komai kishin shugabanninta da 'yan sa kanta.

Mu a zango ƙungiyar da muka fi sani ita ce ta direbobi, GPRTU. A can kowa yana tasha tun asuba, ciyaman yana zaune a rumfarsa, wanda aka zalunta ya san inda zai same shi kafin azahar. Matuƙa ba su da wannan gatan. Babu ranar da za a same su duka a ƙasa. Ciyaman nasu ma yana da jadawalin tashi kamar kowa, kuma in ya shiga gaban jirgi wayarsa a kashe take. Ga gwajin lafiya aƙalla sau ɗaya a shekara, ga jarrabawar na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida, wadda sau da yawa sai an fita waje ake yin ta. Ƙa'idojin ƙasashe da dama sun taƙaita tuƙi a wajen awa 100 cikin kwana 28, sauran lokacin kuma ba na banza ba ne, hutu ne da doka ta wajabta don mutum ya dawo aiki da idonsa a buɗe. Daga cikin wannan hutun ɗan sa kai yake yankowa ya ba ƙungiya.

A ɗauka watan Disamba ne, hazo ya rufe Tamale. Kyaftin ya sauko har iyakar da aka yarda masa, bai ga titin jirgi ba, ya juyo da fasinjojinsa Accra. Abin da ya kamata ya yi ke nan. Amma an ƙona mai, fasinjoji sun cika zauren jira da faɗa, da yamma sai saƙo ya shigo wayarsa: gobe ƙarfe tara ya zo ofis da bayani a rubuce. Ya kira ciyaman, waya a kashe, yana sama. Sakatare yana ƙasar waje wajen jarrabawa. Ma'aji ya sauka da asuba, yana barci, kuma da shirin tashi da dare. Da safe mutumin ya shiga shi kaɗai, ya tarar da mutum uku a bayan tebur da takarda a gabansu. “Kyaftin, ba wani abu ba ne, sa hannu kawai za ka yi a nan.” Shi kuma ya ce, “To, yallaɓai,” ya sa. Ba ma wannan ranar ce abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne hazo na gaba, lokacin da zai tuna da wannan tebur yana tsakiyar yanke shawarar sauka ko juyawa.

Babu wanda ya yi sakaci a cikin shugabannin nan uku. Kowa yana inda aikinsa ya ajiye shi. Giɓin yana cikin tsarin ne.

Manyan ƙungiyoyin matuƙa na duniya sun daɗe da gane haka. ALPA, ta Amurka da Kanada, wadda ke wakiltar matuƙa sama da 70,000, a kan ƙafa uku take tsaye. Akwai zaɓaɓɓun wakilai, dukansu matuƙa, tun daga ƙananan rassa har zuwa majalisar da ke jagorantar matuƙan kowane kamfani, su ne masu yanke shawara. Akwai 'yan sa kai a kwamitoci, ɗaruruwansu a fannin kariya daga haɗari kaɗai, wasu a kan jadawali da gajiya, wasu a kan taimakon abokin aikin da shaye-shaye ko damuwa ta kama. Sannan akwai ma'aikata masu albashi: lauyoyi, masana tattalin arziki, injiniyoyi, ƙwararrun zaman sulhu. Duk wannan daga kuɗin ƙungiya ne, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na albashin kowane mamba. Idan aka cire matuƙi daga jadawalinsa don aikin ƙungiya, akwai tsarin biyan abin da ya rasa, don kada hidimar jama'a ta zama hukunci ga iyalinsa.

Ba haka ta fara ba. A ranar 27 ga Yuli, 1931, mutum 24 ne suka haɗu a wani otal a Chicago ƙarƙashin David Behncke, cikin sirri, domin a lokacin in kamfani ya ji sunanka sai kora. Behncke ya riƙe ƙungiyar shekara 20, ya yi mata bauta ta gaske, amma ya kasa sakin komai daga hannunsa, hatta ginin sabuwar hedikwata sai da ya tsoma baki a kowane lungu. Ma'aikatan ofis suka gaji, wakilai suka gaji, a 1951 aka tsige shi, aka yi ta shari'a, Clarence Sayen ya gaje shi. A 1953 Behncke ya rasu. Na kawo labarinsa ne saboda irin wannan jarumin shi ne wanda ƙananan ƙungiyoyi suka fi dogara da shi: mutum ɗaya, shi ne ciyaman, shi ne sakatare, shi ne ma'ajiyar takardu, fayilolin ƙungiya suna cikin but ɗin motarsa. Ranar da ya gaji, ko wani kamfanin ƙasashen Larabawa ya kira shi da albashin da ba a ƙi, tarihin ƙungiyar gaba ɗaya ya bi shi.

Na san abin da za a ce. Amurka daban, Ghana daban. Kamfanonin da ke jigila a cikin gida, Africa World Airlines da PassionAir, ba su da matuƙan da za su iya ɗaukar lauyoyi da injiniyoyi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kwafo ginin ALPA a dasa a Accra. Amma lissafin bai kai yadda ake tsoronsa ba. In mutum 100 suka ba da kashi 1 cikin 100 na albashinsu, abin da ya taru daidai yake da matsakaicin albashin matuƙi ɗaya. Wannan ya isa a ɗauki jami'in ofis, a kuma riƙe lauyan ƙwadago da za a iya kira in ta ɓaci. In adadin bai kai ba, ba abin kunya ba ne a haɗa ofis da injiniyoyin jirgi, kamar yadda maƙwabtanmu na Najeriya suka haɗa matuƙa da injiniyoyi a ƙungiya ɗaya, NAAPE.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ina girmama masu yin sa. Suna cewa ma'aikacin da aka ɗauka, wanda bai taɓa sauke jirgi cikin ruwan sama ba, yau da gobe sai ya zama shi ne mai ƙungiyar. Shugabanni suna zuwa suna tafiya, shi yana nan, shi ya san manajoji, shi ya san inda kowace takarda take. Wannan yana faruwa, kuma ba a ƙungiyar matuƙa kaɗai ba. Maganinsa a rubuta iyakar kowa tun farko. Ma'aikaci ba ya da ƙuri'a. Yana ba da shawara a teburin sulhu, amma yarjejeniya ba ta zama yarjejeniya sai matuƙa sun kaɗa mata ƙuri'a. Kwangilarsa tana da wa'adi, kuma mai binciken kuɗi daga waje yana duba littattafai kowace shekara. Manyan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin TUC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta Ghana, wadda take nan tun 1945, sun saba da raba kujerar ciyaman da ta babban sakataren da ke zaune a ofis, don haka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Dokar Ƙwadago ta 2003, wato Doka ta 651, ita kanta tana nuna cewa aikin ya fi ƙarfin lokacin hutu. Kafa ƙungiya ba wuya, ma'aikata biyu a wurin aiki ɗaya sun isa. Amma kafin a zauna da kamfani a kan albashi da sharuɗɗan aiki, sai an samu takardar izinin yin ciniki a madadin ma'aikata daga Babban Jami'in Ƙwadago. In rikici ya tashi, akwai matakan sulhu da shiga tsakani a Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, kowanne da wa'adinsa, kuma dokar ta hana yajin aiki a ayyukan da aka ayyana a matsayin na tilas ga jama'a. Wanda ya kuskure mataki ɗaya, gaskiyarsa sai ta koma laifi. An ga haka a Kenya a Nuwamba 2022, inda matuƙan Kenya Airways suka yi yajin kwana huɗu, kotu ta mayar da su aiki, shugabannin ƙungiyarsu kuma suka tsinci kansu suna amsa zargin raina umarnin kotu.

Akwai wani sashe na dokar da ya kamata matuƙa su riƙa tunawa, na 79, wanda ya ware masu muƙamin gudanarwa daga shiga ƙungiya. A ƙaramin kamfani, hanya mafi sauƙi ta kwantar da ciyaman mai baki ita ce a ɗaga shi, a ba shi kujerar babban matuƙi ko shugaban horarwa. Ba na zargin wanda ya karɓa, kowa yana da 'ya'ya a makaranta. Amma taura biyu ba ta tauno, kuma ƙungiyar da duk iliminta ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya tsallaka ɗaya gefen teburin, da sirrinta ya tsallaka.

Kada a ɗauka ina raina 'yan sa kai. Akwai aikin da babu mai albashin da zai iya shi. Matuƙin da aurensa ke tangal-tangal, ko barci ya ƙaurace masa, ba zai faɗa wa likitan da ke riƙe da takardar lafiyarsa ba, ba zai faɗa wa lauya ba, sai ɗan'uwansa matuƙi. Shi ya sa bayan haɗarin jirgin Germanwings na 2015, wanda mataimakin matuƙi mai fama da matsalar damuwa ya faɗo da shi da gangan, Turai ta wajabta wa kamfanoni samar da tsarin tallafi irin wannan. Haka in aka yi haɗari, hukumar binciken haɗuran jiragen sama da Ghana ta kafa a 2020 tana aiki ne bisa ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ce manufar bincike hana maimaituwa ce, ba neman mai laifi ba. Wanda zai iya duba rahoton ya ce wannan mintin ba haka yake a gaban jirgi ba, sai matuƙin da aka horar. IFALPA, tarayyar ƙungiyoyin matuƙa ta duniya da aka kafa a Landan a 1948, tana ba da irin wannan horo da tallafi ga mambobinta. Amma sai da wanda zai amsa wasiƙa, ya cike fom, ya biya kuɗin shekara a kan lokaci. Ɗan sa kan da aka bar wa wannan, da rubuta bayanan taro, da bin bashin kuɗin wata, ba zai kai ga aikin da shi kaɗai ya iya ba, kuma ba a daɗewa yake ajiyewa.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa idan kamfani ya durƙushe. Ghana Airways, da aka kafa a 1958, Amurka ta hana shi shiga ƙasarta a Yuli 2004, aka rushe shi a 2005, tsofaffin ma'aikatansa suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, ɗaya daga jiragensa na DC-10 kuma aka mayar da shi gidan abinci kusa da filin jirgi. Ghana International Airlines da ya biyo baya ya tsaya a 2010, Starbow a 2017. A kowane karo matuƙa sukan watse, wanda ya samu aiki a waje ya tafi, kuma shari'ar haƙƙi takan fi kamfanin tsawon rai. Mai bin ta sai wanda yake da kwafin kowace yarjejeniya da jerin wanda ya riga wani shiga aiki.

Idan sabon kamfanin ƙasa ya tabbata, matuƙa 'yan Ghana da ke waje za su so dawowa, wasunsu da awoyin tuƙi da suka ninka na waɗanda suka zauna gida. Wa zai zama kyaftin, wa zai zauna a kujerar dama, da wane ma'auni? A yawancin manyan kamfanoni ranar da mutum ya shiga aiki ce ke yanke wannan, kuma rigimar da ta fi raba kan matuƙa a ko'ina ke nan. Za a rubuta wannan ƙa'idar ne a watannin farko, kafin jirgi na farko ya tashi, kuma in ƙungiyar ba ta da mutum a ofis a lokacin, kamfanin ne zai rubuta ta shi kaɗai.