Ɗigo Uku Aka Ce

Tsakanina da kaskon turaren wutar Maman Ummi akwai tsohuwar gaba, kuma duk bazara sai ta tashi. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fanka na juyawa amma iska mai ɗumi take watso maka, ya san mutum ba ya bukatar ƙarin garwashi a falo. Ita kuwa da an yi la'asar sai ta hura gawayi, ta cika kasko, ta barbaɗa turaren da gwaggonta ke aiko mata daga Maiduguri, itacen sandal da hawi da farce da aka haɗa da sukari da madarar turare, ta bi ɗaki ɗaki har bayan labule. Ƙamshi kam ba a magana. Sai dai silin ɗinmu da yake fari tas lokacin da muka tare yanzu ya koma ruwan ƙasa, kuma ni ne mai biyan mai fenti.

Fanka mai caji na je saye a wani shago da ke kan titin Ahmadu Bello, na ga abin a kan kantar shagon. Kamar ɗan tulu yake, yana fitar da farin tururi ta baki, gindinsa na canza launi daga shuɗi zuwa kore zuwa ja. Na kai hannu a tsorace, na ji sanyi. Yaron shagon, da ganin ya samu kasuwa, ya buɗe murfin ya nuna mini. Sunanta difuza. Ba wuta a ciki, ba garwashi. Wani ɗan faifai ne a ƙasan ruwan, bai fi girman maɓallin babbar riga ba, yana karkarwa fiye da sau miliyan ɗaya a daƙiƙa guda, karkarwar ce ke farfasa ruwan ya tashi ya zama hazo, ya ɗauki man ƙamshin ya bi ɗaki da shi. Man kuma ba irin madarar turaren da muka sani ba ne. Tatacce ne daga ganye da fure da ɓawo, yawancinsa da tururi ake fitar da shi, na lemo kuma matse ɓawon ake yi. Ya ce na wardi ya fi ƙarfin aljihuna, don sai an tara fure sama da tan 3 kafin a samu kilo 1. Ban ji daɗin yadda ya yanke wa aljihuna hukunci ba, amma gaskiya ya faɗa.

Na ɗauki kwalabe uku 'yan mitsi-mitsi masu cin mililita 10: lafanda, wadda ake nomawa a kudancin Faransa da Bulgeriya, da na'a-na'a, da man bishiyar turare, wannan doguwar mai saɓule ɓawo da asalinta daga Ostareliya. Fankar da ta kai ni shagon ban saye ta ba.

"Alhaji, ɗigo uku zuwa biyar a ruwa mililita 100. Ka bar ta rabin awa ko awa ɗaya, ka kashe."

Na ce to. A raina kuwa na ce wannan yaro bai san falona ba.

Allah ya sa a makon Maman Ummi ta kwashi yara suka tafi bikin 'yar ƙanen babanta a Birnin Kebbi. Gida ya zama nawa. Na yi niyyar kafin ta dawo ta tarar an yi juyin mulki, kasko ya sauka ba tare da zubar da jini ba.

Daren farko na bi doka. Ɗigo uku na lafanda, na zauna a kujera na miƙe ƙafa. Wallahi abin ya yi daɗi, ƙamshi mai sanyi, ba hayaƙi, ba tari. Na kira abokina na ce ya zo ya ga ci gaba, ya ce yana Gusau. Kafin a kira isha sai na nemi ƙamshin na rasa. Tururi na fita, fitila na wasa, amma hancina bai jin komai. Na ce ai dama na faɗa. Na ƙara biyar. Ya dawo, ya sake ɓacewa. Na ƙara na'a-na'a don ta taimaka wa lafanda, na ƙara man bishiyar turare don ya taimaka wa na'a-na'a. Bakin kwalbar nan kuma an yi shi ne don ya gwada haƙurin mutum, ka kifa ta ka yi ta jira kafin ɗigo ɗaya ya ga damar faɗowa, saboda haka na sa tsinken sakace na ɓalle 'yar robar, harka ta yi sauri. Da masu wuta suka ɗauke abarsu na jona ta da fawa-banki, na rufe tagogi kada ƙamshina ya tafi gidan maƙwabta a banza, na kwanta.

A sahun asuba wani dattijo da ke gefena ya yi ta jan hanci. Bayan an sallame ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam, ƙugu na ko gwiwa? In ƙugu na, bar shafe-shafen ga, akwai mai ɗori nan Mabera, hannunai da albarka." Na ce lafiyata lau. Ya ce haka shi ma ya riƙa cewa. A ofis wanda muke tebur ɗaya da shi ya ce tun da na shigo murarsa ta sake shi, ya yi mini godiya.

Sai kyanwarmu ta yi hijira. Wannan kyanwa ko tsintsiya ba ta korarta daga kan kujerata, amma na ganta ta tsaya a ƙofar falo, ta yi atishawa, ta kalle ni, ta haura katanga. Da yamma maƙwabcina, likitan dabbobi ne da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙafa ɗaya ya sa a falon ya ja da baya yana share ido.

"Maƙwabci, asibiti ka buɗe ba ka gaya muna ba?"

A tsakar gida muka yi maganar, don ya ƙi shiga. Ya ce kyanwar ta fi ni hankali, a cikin raha dai ya faɗa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu sinadaran da ke cikin irin waɗannan mayuka, musamman na bishiyar turare da na'a-na'a, kuma hazon yana sauka a gashinta, ta lashe, ya zame mata guba. Haka jarirai da masu asma, abin na iya tayar musu da numfashi. Na ce to ni me ya sa ba na jin komai? Ya ce hanci haka Allah ya yi shi, in ƙamshi ɗaya ya daɗe a wuri sai ya daina kai rahoto, shi ya sa mai sayar da kifi ba ya jin ƙarni. Wanda ya shigo daga waje shi ne alƙali. Ya ɗaga kwalbar lafanda a hasken rana ya ce a cikinta akwai ɗigo wajen 200, ta isa a yi watanni ana amfani da ita. Saura kwata. Ni dai abin da na fahimta daga jawabinsa shi ne hancina ne ya ci amanata.

Na buɗe tagogi, amma labule da kafet da kujeru sun riga sun sha. Har furar da na ajiye a buɗe a kan tebur sai da ta koma tana sanyaya maƙogwaro.

Ranar Juma'a Inna ta zo daga cikin gari, ba sanarwa, kamar yadda ta saba in ta ji surukarta ba ta nan, ta zo ta ga ko ina cin abinci. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ta yi sallama, ta ɗaga labule, ta tsaya cak.

"Kai wanga, wa ab ba shi da lahiya?"

"Kowa lafiya, Inna. Sannu da zuwa."

"Kak ka ɓoye min. Gidanga warin man zahi shikai. Ko ita ta ba ta da lahiya kunka ce min biki ta tahi?"

Na rantse, na kira Maman Ummi a waya, Inna ta ji muryarta da kiɗan biki a bayanta, sannan ta yarda ta zauna, a kan tabarma kusa da ƙofa. Na ga dama ta samu in wanke kaina, na ɗauko difuza na zuba ruwa zalla na kunna, don ta ga abin ba cuta ba ne. Tururi ya taso, gindi ya yi shuɗi, ya yi ja. Inna ta janye ƙafafunta.

"Wanga abu mi na na?"

"Turaren wuta ne na zamani, Inna."

"Ina wutar?"

"Ba ya bukatar wuta."

Ta yi bisimilla, ta miƙa yatsa ɗaya cikin tururin, ta janye da sauri ta goge a zanenta. Ta yi shiru tana motsa baki, na san Falaƙi da Nasi ake yi. Sannan ta ce tun tana yarinya a Ƙofar Atiku ta san hayaƙi da zafi yake zuwa, wanda ya zo da sanyi kuma yana sauya kala ba a kwana ɗaki ɗaya da shi. Na fara yi mata bayanin faifai mai karkarwa sau miliyan, ta ce, "Awo, karkarwa ma shikai?" Nan na gane na ƙara ɓata shari'ar. Kafin ta tafi sai da ta shiga kicin da kanta ta nemo kasko, ta hura gawayi, ta kunce bakin gyalenta ta fito da ɗan lubban ta jefa, ta zagaya falon da shi, ta tsaya a kan difuza ta yi mata hayaƙi na musamman.

Da dare na zauna na yi nazari. Na'urar ba ta da laifi, man Turawa ne bai dace da hancin mutanenmu ba. In ta fitar da ƙamshin da suka sani, ko Inna sai ta sa albarka. Na shiga ɗakin Maman Ummi, na buɗe durowar da ba a buɗewa, na ɗauko kwalbar humrarta, wadda ta ce tun kafin a haifi Ummi aka haɗa ta, kuma tsufa ke ƙara mata daraja. Na girgiza ta sosai don abin da ya kwanta a ƙasa ya taso, na tsiyaya da hannu sake.

Na ɗan lokaci falon ya yi ƙamshin ɗakin amarya, har na fara tsara jawabin da zan yi wa Maman Ummi. Sai tururin ya sirance. Na'urar ta yi wani gurnani, ta tofo ɗigon ruwa mai maiƙo a kan gilashin tebur, ta yi shiru. Fitilar kawai ta ci gaba da aikinta. Na leƙa ciki na ga garin sandal da na farce sun kwanta a kan faifan sun yi laka, ga kuma farin dattin da ruwan burtsatse ya bari a gefe. Humrar da ta rage a kwalba na auna da ido, na ga in na ƙara ruwa kaɗan za ta koma inda take. Ta koma inda take, sai dai ta rabu gida biyu, mai a sama, ruwa a ƙasa, da wani fari-fari a tsakani.

Maman Ummi ta dawo ranar Lahadi. Ba ta ajiye jaka ba ta ce, "Baban Ummi, wa ya taɓa mini humra?" Daga bakin ƙofa, ko ɗakinta ba ta shiga ba. Na ce mu bar wannan tukuna, ta zo ta ga abin da na saya mata. Ta dubi difuza, ta ce ai ta santa, amaryar da suka kai ma akwai biyu a kayan ɗakinta. Ta buɗe, ta ga lakar, ta dube ni irin duban da ba a yi a gaban yara, ta shiga ɗaki. Na ji an ja durowa. Na ji salati. Na tuna ina da aiki a waje.

Da na dawo bayan isha na tarar ta wanke na'urar da ruwan khal da audugar goge kunne, ta zuba ruwan leda, ta sa lafanda ɗigo uku, ta ajiye ta a kan kabad inda hannun yara ba ya kaiwa, taga a buɗe. Tana aiki lafiya lau. Da rabin awa ta cika ta kashe. Washegari da la'asar kuma ta hura gawayinta kamar kullum, ta ce wancan na dare ne, wannan na gida ne. Yanzu ina sayen gawayi, ina sayen man lafanda, mai fenti na nan yana jirana. Ƙawayenta in sun zo suna yaba mata dabara, tana cewa ai sai da hankali ake amfani da ita, tana ɗaga murya daidai yadda zan ji daga ɗakina.

Gwaggo ta turo saƙon murya daga Maiduguri. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi aiki, sannan ta faɗi kuɗin sabuwar humra, ta ce wannan kuɗin kayan haɗi ne kawai, shekarun da waccan ta yi ba a sayar da su a kasuwa. Ina cikin lissafin nan likita ya leƙo ta katanga.

"Maƙwabci, mussarku ta haihu gidana, huɗu. Za ka zo ka kwashe, ko mu yi maganar kuɗin kihi?"