Shaddar da Kawu yake taƙama da ita, a ina aka saƙa ta?

Ranar Asabar a wajen wani suna a nan Tawa, Kawu ya tare ɗan ƙanwata da ya zo da wandon jins, ya yi masa tatas a gaban jama'a. Wai yaran yanzu sun yar da kayan iyaye da kakanni sun rungumi na Nasara. Yaron ya sunkuyar da kai yana "ka yi haƙuri, Kawu". Ni dai na yi shiru, domin ba a musu da babba a taro, amma idona yana kan babbar rigar da ke jikin Kawu, shadda Getzner tana ta walƙiya.

Jama'a, Getzner kamfani ne na ƙasar Ostiriya, a wani gari da ake kira Bludenz, tun 1818 yake. Atamfar Holan da gwaggonninmu suke ajiyewa a ƙasan akwati kamar zinariya, kamfanin Vlisco ke buga ta a garin Helmond, an kafa shi a 1846, kuma dabarar ma kwaikwayo ce ta rinin mutanen tsibirin Jaba a Indunusiya. To da ɗan jins da mai shadda, wa ya fi wani sa kayan Nasara? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba ina zagin shadda ba ne, ni ma da ita nake zuwa Idi. Ɗinkin namu ne, aikin wuya namu ne, yadda ake naɗe hannun riga a kafaɗa ba Bature ne ya koya mana ba. Amma yadin ba namu ba ne, kuma a da namu ne.

Kakata har ta rasu tana da mazari. Auduga ake gurzawa a fitar da angurya, a shiɓe ta, mata su zauna kaɗi da hira har dare. Zaren ya tafi wajen masaƙi, ya saƙa ƙyallaye sirara, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, sai a harhaɗa su a fitar da zane ko gwado ko riga. Daga nan marina su tsoma a karofi da baba da toka, mabuga su yi ta dukan yadin da guduma ta itace har ya ɗauki sheƙi. Riga guda sai ta bi ta hannun mutum biyar ko shida, kowa ya ci abinci a kanta. Rigar saƙi mai aska takwas a ƙirji kuwa, maɗinki sai ya shafe watanni da allura a kanta, ba kowa ke iya sa ta ba sai sarakai da attajirai.

Talaka fa? A nan ne masu kukan "kayan kakanni" ba su son a taɓo. Kakannin da yawa bante ne da warki, fata a ƙugu, a tafi gona. In kana son ganin tufar da ta fi kowace daɗewa a ƙasar nan, je filin kokowa ka dubi ƙugun ƴan kokowa. A Tawa ma aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a 1975. Ban ga wanda ya ce a koma wa warki ranar Juma'a ba.

Kuma saƙar nan ba ƙaramar sana'a ba ce. Bajamushen nan Barth da ya ratsa Agadas a 1850 ya isa Kano a 1851 ya tarar tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus a kan raƙuma. Turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa, wanda shuninsa ke rina musu fuska, a garin Kura kusa da Kano aka yi suna da shi. Wato mu ne muke tufatar da Sahara. Yau dilar gwanjo ce ke sauka daga Kwatano da Lome, muna tonon ta a kasuwannin Katako da Wadata na Yamai muna ɗagawa sama mu ga ko da huji.

Abin da ya ɓace mana hannun ne, masaƙi da marini da mai kaɗi. Alphadi, mai tsara tufafin nan ɗan Nijar, ya yi ƙoƙari da ya kai bikin FIMA na baje kolin tufafin Afirka cikin hamada kusa da Agadas a 1998, ya nuna wa duniya saƙin hannun nan tera-tera da aikin maƙeranmu, amma biki ba ya ciyar da masaƙi, sai mai saye. Mu kuwa in an ce sayi saƙi sai mu ce yana da nauyi, yana da zafi, ya yi tsada, alhali kuɗin shadda ɗaya ta Sallah sun isa.

Bayan an watse na sami Kawu shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Kawu, don Allah rigar saƙin nan ta marigayi Kaka tana ina?" Ya yi jim, ya ce tana cikin adaka, rabon da a buɗe tun rasuwarsa, yana tsoron ma ko gara ta shiga. Na roƙe shi aro. Ya ce in zo ran Laraba bayan la'asar, in taho da yaron nan mai jins ya taya mu ɗaga adakar.