Ba kowane rikicewa a ɗakin gwaji ne alaji ba

Kafin likita ya zura siririn bututu mai kyamara ya leƙa maƙogwaro da huhu, sai an fesa maganin kashe zafi a hanci da maƙoshi, don kada tari da yunƙurin amai su hana aiki. Wanda aka fi amfani da shi shi ne lidoken, da Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943. Jifa-jifa akan samu wanda jikinsa ya ƙi maganin gaba ɗaya: fata ta yi ruɗu-ruɗu, maƙogwaro ya kumbura, jini ya sauka. Wannan ne anafilaksis, kuma a hanyar numfashi ya fi muni, tunda inda ake aikin nan ne ke toshewa. Maganinsa allurar adirenalin a cinya nan take, miligiram 0.5 ga babba, a ƙara bayan minti 5 idan ba a ga sauƙi ba. Duk inda ba a ajiye ta kusa da hannu ba, a ganina bai kamata a yi gwajin ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo baya. Majiyyaci na farfaɗowa sai a rubuta "alaji" a katinsa, wato jikinsa ba ya karɓar maganin, shi ke nan. Alhali ainihin alajin lidoken abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Sau da yawa maganin ne ya yi yawa, domin fatar hanyar numfashi na tsotse shi da sauri. Sai leɓe ya mutu, kunne ya yi ƙara, wani har jijjiga. Benzoken kuwa, wani maganin kashe zafin da ake fesawa, kan hana jini ɗaukar iska har mutum ya yi shuɗi, abin da ya sa hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan feshinsa a 2006. Wani ma tsoro ne kawai ya sumar da shi. Ga kuma robar safar hannu da kuloheksidin na wanke kayan aiki, waɗanda su ma kan jawo alaji amma akan manta da su.

Kowannensu da nasa maganin. Wanda aka laƙaba wa alajin ƙarya kuwa, gobe idan ya je cire haƙori ko ɗinkin rauni za a yi ta ɗari-ɗari da shi, wataƙila har a sa shi barci ba gaira ba dalili. A ɗebi jininsa a auna tiriptes, sinadarin da ke ƙaruwa a jini lokacin anafilaksis, cikin sa'o'in farko, sannan bayan makonni a tura shi gwajin fata wajen ƙwararre, kafin a rubuta komai a katin.